Karsanar da Aka Turke a Faisal

Idan mutum ya shiga ƙaramar bas a titin Faisal, a ƙasar Masar, ya zauna har kusan ƙarshen layi, ya sauka ya bi ta gefen magudanar Mariyutiya, zai iske inda gari da gona suke cin iyakar juna. Dogon bene na jan bulo ba fenti, a gindinsa fegin kabeji, gaba kaɗan wani benen. A ɗaya daga cikin waɗannan benaye wani mutum mai suna Fadl yake gadi, a nan kuma 'yarsa Mahasin ta yi wayo.

Hausawan Sudan ne, mutanen Gadarif. Kakanninsu sun taso daga ƙasar Hausa za su hajji a ƙasa, suka yada zango a can, zangon ya zama gida. Mahasin ba ta fi shekara tara ba lokacin da mahaifiyarta ta rasu, Allah Ya jiƙanta, suka shigo Masar su uku: ita da ubanta da kakarta Dije, wadda kowa a benen yake kira Habboba, yadda ya ji jikar tana kiranta. Mai benen ya ba su ɗaki ɗaya a ƙarƙashin matakala. Ta ɗan yi makaranta har ta iya karatu da rubutu, sai gwiwar Fadl ta fara ciwo, wankin matakala da aiken masu haya suka dawo kanta. Doguwa ce siririya, ba ta da yawan magana. Da Habboba Hausa take yi, da ubanta Larabcin Sudan, da masu haya na Masar, kuma a duka ukun ba ta faɗin abin da ya wuce buƙata.

Bayan hargitsin shekarar 2011, da idon hukuma ya koma wani wuri, manoman yankin suka yi ta sayar da gonakinsu ana kafa ginshiƙai. Wanda ya rage a bayan benen su Mahasin wani tsoho ne, Amm Ya'ƙub, da fegin ciyawarsa da jamusarsa guda, wato baƙar saniyar nan tasu mai son ruwa. In Mahasin ta gama aiki takan tsaya a bakin katanga da bokitinta tana kallon yadda yake wanke ta, yadda yake tatsa. Ba ta taɓa tambayarsa komai ba. Shi ne ya gaji da ganinta, wata rana ya miƙo mata lauje ta saman katangar ya ce in tsayuwa take so, ga wurin tsayuwa mai amfani.

Shi ne kuma ya kai sunanta lokacin da wata ƙungiyar taimako a ƙauyen da ke ƙetaren magudana ta fito da shirin kiwo na matasa, bayan Babbar Sallar 2013. Tsarin ba shi da wuyar ganewa. Za a ba kowane matashi 'yar maraƙa wadda aka yaye, ya raine ta har zuwa gabanin Sallar baɗi. Ran nan likitar dabbobi za ta duba su ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta ga ta isa zama uwa, ta zama ta mai kiwonta har abada, sai dai ɗanta na fari zai koma wa ƙungiya a ba wani. Wadda ta ce ba za ta yi haihuwa ba, ƙungiya ta karɓe abinta ta sayar wa mahauci. Yawancin waɗanda aka zaɓa 'ya'yan manoma ne. Mahasin kaɗai ce 'yar mai gadi, ita kaɗai ce kuma baƙuwa.

Ranar rabo, likitar, wata matashiya mai tabarau da ake kira Duktura Dalia, ta tsaya a kan akwati ta yi musu bayani da sauri-sauri irin na mutanen birni. Ta ce ciyawa da yawa, dusa kaɗan, kuma kullum a fita da ita ta taka ƙasa. Ta ɗaga yatsa ta ce, “Uwa nake so ku yi mini, ba nama ba.” Mahasin ta ji sarai. Aka ba ta wata ja mai duhu-duhu, launin nunannen dabino, shi ya sa tun a hanya ta sa mata suna Balaha, sunan dabinon a bakin Misirawa.

Abin da ba a yi lissafinsa ba shi ne Habboba.

A Gadarif, Dije ta yi suna a kan turka. Takan sayi ɗan maraƙi, ta ɗaure shi a turke a cikin bukka mai duhu, ba ya ganin rana ba ya ganin mutane, tana ɗura masa dusa da kanwa da ƙanzo. In Sallah ta matso aka fito da shi, har daga wasu unguwanni ake zuwa kallo. Tun da suka zo Masar kuwa ba ta da abin yi sai zama a kan tabarma a bakin ɗaki da carbi, tana kallon ƙafafun masu hawa da sauka. Ranar da aka sauke Balaha daga mota, tsohuwar nan ta miƙe ba tare da ta dafa bango ba. Ta zagaya maraƙar, ta buɗe mata baki, ta ja fatar wuyanta ta saki.

“Ina tozon?” in ji ta.

“Na nan ba su da shi sosai, Habboba.”

“Saniya ba tozo. To, Allah mai iko. Za mu yi mata na baya.”

Akwai gareji a gefen benen da ba a amfani da shi tun da mai shi ya tafi aiki Saudiyya. Ƙasansa siminti ne, ba wurin kafa turke, sai Fadl ya huda ya dasa zoben ƙarfe. Habboba ta tufka igiya da hannunta daga zaren tsofaffin buhuna. Ta rataya buhu ta toshe 'yar tazarar da ke ƙasan ƙofa, ta karanta Falaƙi da Nasi ta tofa a kusurwa huɗu, ta ce daga yau ba mai leƙa ta sai wanda ya iya cewa masha Allah.

Mahasin ta ce, “Likita ta ce a riƙa fita da ita tana tafiya.”

“Tafiya zuwa ina? Aike za ta je?”

“Ta ce kar a cika mata dusa.”

“Ke 'yar Masar, ni da na turke abin da ya fi motar ubangidan ubanki girma, yarinya mai gilashi ce za ta koya mini? Tafiya ai ita ke cinye abin da dabba ta ci.”

Mahasin ta dubi ubanta. Fadl ya kau da kai, daga baya ya same ta a matakala ya ce mata a hankali, “Ki bar ta. Tun da muka zo ƙasar nan ban ga haƙoranta ba sai yau.” Ta bar ta.

Abinci kuwa bai yi wuya ba. Misirawa ba sa zubar da burodinsu a shara, sukan tara busasshen a leda. Da labari ya bazu cewa akwai maraƙa a gareji, sai kwanduna suka riƙa saukowa da igiya daga baranda kowace safiya cike da shi. Habboba takan jiƙa shi a babban baho, ta zuba dusar alkama, ta jefa kanwar da Fadl yake sayo mata a shagon 'yan Sudan, wani lokacin har da baƙar zumar rake. A hawa na huɗu akwai Murja, matar wani ɗalibi ɗan Najeriya da ke karatu a Azhar, ita kuma takan sauko da ƙanzon tuwo da ruwan wankin shinkafa, ta zauna su yi hira da Hausa.

“Habboba, wallahi wannan ta fi mu jin daɗin Masar,” in ji Murja. “Mu dafaffen waken nan nasu, ful safe ful dare, ita har da zuma.”

“Ke ma in za ki tsaya wuri ɗaya na turke ki, da mijinki ya gode mini.”

Aikin Mahasin shi ne kwashe kashi, da wanke simintin, da goge jikin Balaha da tsumma. A nan ne kaɗai aka taɓa jin tana doguwar magana. Takan gaya wa karsanar wanda ya zubar da miya a hawa na shida, da wanda ya aike ta sau uku don abu ɗaya. Takan gaya mata kuma yadda za a yi in ta haihu: ɗan fari na ƙungiya ne, wannan ba gardama, amma na biyu nasu ne, ga madara a sayar wa mutanen bene, a huta da matakala. Tun da aka haife ta ba ta taɓa mallakar abin da ya wuce kayan jikinta ba.

An ce likita za ta riƙa zagayowa. Ta zo sau ɗaya da farko, lokacin Balaha ta fara murjewa kawai, ta ce ba laifi amma a rage, a kuma fita da ita. Daga nan ta tafi hutun haihuwa. Saurayin da aka riƙa aikowa a madadinta bai taɓa wuce bakin ƙofa ba. Yakan leƙa cikin duhun, ya ga ƙaton abu yana sheƙi, ya ce, “Masha Allah, tamam,” ya hau babur ɗinsa.

Sai da zafi ya kankama sannan Amm Ya'ƙub ya ce shi fa bai ga karsanar da ya tsaya wa ba. Habboba ta yarda ya shiga saboda ya tsufa kuma bakinsa ba ya rabo da ambaton Allah. Ya tsaya har idonsa ya saba da duhun. Ya ɗora tafin hannunsa a gefen cikinta ya danna, ya matsa gaba ya sake dannawa. Ya sunkuya da ƙyar ya duba ƙafafun. Ya yi wa tsohuwar sallama da ladabi, ya yafito Mahasin zuwa bakin katanga.

“Ya binti, ina haƙarƙarinta?”

“Yana ciki.”

“Na san yana ciki. Hannuna bai same shi ba, na likita ma ba zai samu ba. Kin ga kofatonta? Ya yi tsawo ya lanƙwashe kamar silifas. Burodi ne da tsayuwa a siminti. Wannan kiwon yanka kuke yi mata.”

“Yanzu me zan yi?”

“Ki cire burodin gaba ɗaya. Ki zo ki yanki ciyawa a nan, ba na son komai. Ki fita da ita kullum. Ko za a dace, Allahu a'alam.”

Washegari bayan sallar asuba Mahasin ta kwance igiyar ta ja Balaha waje. Karsanar ta yi wata da watanni ba ta ga sarari ba. Ta tsaya cak a bakin gareji tana ƙifta ido, wani mai keke-napep ya wuce da kiɗa, ta ja da baya har ta kusa take Mahasin. Da lallashi aka kai ta bakin fegin Amm Ya'ƙub, tana taka ƙasa kamar mai tafiya a kan ƙaya, tana haki. Da suka dawo Habboba tana tsaye a ƙofa.

“Kin kai ta an gani.”

“Ba kowa a waje, Habboba.”

“Baranda nawa ne a layin nan? Kowace da ido a kanta. Dubi yadda take numfashi. Abin da na tara a mako kin zubar a hanya.”

“In ba ta rame ba za su karɓe ta.”

“A karɓe saniya don ta yi kyau? A wace ƙasa?”

“A wannan.”

Habboba ta yi dariya ta koma tabarmarta. Ba ta hana fitar ba, ba ta kuma daina abin da take yi ba. Mahasin takan zuba ciyawa ta ɗauki bokiti ta hau sama. Balaha, da ta saba da jiƙaƙƙen burodi mai zaƙi, takan shinshina ciyawar ta ɗaga kai ta yi ta kuka, kukan yana bin ramin matakala har hawa na ƙarshe. Can sai kukan ya tsaya. In Mahasin ta sauko takan tarar da bakin karsanar a jiƙe, da ɓurɓushin dusa a hancinta, bahon kuma an wanke an kife, Habboba tana jan carbi tana kallon wani wuri.

Sau ɗaya Mahasin ta ɗauke bahon ta ɓoye a saman rufin bene. Ranar Habboba ba ta ci abincin rana ba. Ta ce ita ba za ta iya haɗiyar loma ba alhali baiwar Allah tana kuka da yunwa a ɗaure a hannunta, gobe ƙiyama me za ta ce? Fadl ya zauna tsakaninsu da gwiwarsa a miƙe. Kafin magariba Mahasin ta hau ta sauko da bahon.

Haka aka tafi har lokaci ya yi. An gyara kofaton, an ɗan samu tafiya, amma jikin bai ragu ba.

An yi taron a filin ƙwallon ƙauyen, kwanaki kaɗan kafin Sallah. Habboba ta ce ƙafarta ƙafar karsanar. Ta sa tobinta mai ruwan goro, lulluɓin nan na matan Sudan, wanda ba ta taɓa sa shi ba tun Gadarif, ta zauna a gaban a-kori-kura kusa da direba. Da aka sauke Balaha filin ya yi tsit, sannan aka taso. Ga sauran karsanu a jere, masu dogayen ƙafafu, ana iya ganin inuwar haƙarƙarinsu in sun juya. Ga Balaha kamar an hura ta, bayanta shimfiɗe, fatarta tana ɗaukar ido. Yara suna ta taɓa ta. Habboba ta bi layin da kallo ta taɓe baki.

“Waɗannan azumi aka sa su?”

A bakin filin akwai wani mahauci, Mu'allim Zubairu, da farar jallabiya da sanda, wanda ƙungiya ta saba sayar wa abin da ta karɓe. Tun da aka sauke Balaha bai sake kallon wata ba.

Duktura Dalia ta dawo aiki, ita ce ta zo. Kowace karsana sai ta sa a ja ta ta tafi ta dawo, ita tana tsugune tana kallon ƙafafun daga baya. Sannan ta shafa haƙarƙari, ta auna faɗin ƙugu da hannu biyu, ta taɓa hantsa, ta buɗe baki. Wanda ta ce wa “Mabruk” sai danginsa su ɗau guɗa. Da ta iso kan Balaha ta tsaya, ta cire tabarau ta goge ta mayar.

“Yalla, ja ta mu gani.”

Mahasin ta ja. Balaha ta tafi a hankali, tana jefa ƙafafun gaba da ɗar-ɗar, tana tsayawa. Likitar ta danna gefen cikinta inda Amm Ya'ƙub ya danna. Ta kama kitsen da ya taru a gindin wutsiya, ya cika mata hannu. Ta sunkuya ta daɗe tana taɓa hantsar. Da ta miƙe ba ta ɗaga murya ba.

“Wa ya ciyar da ita?”

“Ni ce.”

Likitar ta dubi tsohuwar da ke tsaye da tobi mai ruwan goro, ta sake duban Mahasin, ba ta ƙara tambaya ba.

“An sha wahala a kanta, na gani. Amma hantsar duk kitse ne, inda madara za ta zauna ya cike. Ƙafafun sun lalace daga ciki.”

“A ba ni zuwa sanyi, Duktura. In sabuwar ciyawa ta fito zan ramar da ita. Kullum zan fita da ita.”

“Jikin zai ragu. Hantsar da ƙafar ba za su dawo ba. Da wuya ta ɗauki ciki, in ma ta ɗauka ba na jin ƙafafun nan za su ɗauke shi, kuma ranar haihuwa kina iya rasa su duka biyun. Ba zan sa miki wannan ba. Ma'alish, ki yi haƙuri, ya Mahasin.”

Ta wuce ta gaba. Habboba ba ta jin Larabcin Masar in an yi shi da sauri. Ta ga dai ba a yi guɗa ba. Ta jawo gefen mayafin jikarta.

“Me ta ce?”

“Ta ce ba za ta haihu ba. Ta ce mun yi mata yawa.”

“Yawa? Ana yi wa dabba yawa?”

Tsohuwar ta juya ta sake bin layin ramammun karsanun nan da kallo, wannan karon a hankali, ɗaya bayan ɗaya, har ƙarshe. Mu'allim Zubairu ya riga ya matso yana magana da mutanen ƙungiya. Da yaransa suka zo kama igiyar, Habboba ta ɗaga musu hannu. Ta kwance igiyarta da kanta daga wuyan Balaha, ta naɗe ta a hannu, ta ce su kawo tasu. Mahasin ta shafa goshin karsanar sau ɗaya ta koma mota ta zauna a baya, inda suka tsaya ita da Balaha da safe.

Sallar nan an kawo musu nama daga hawa-hawa kamar yadda aka saba kawo wa mai gadi. Mahasin ta karɓa ta yi godiya, ta soya, ta ci. Ba ta bi ta layin shagon Mu'allim Zubairu ba sai da aka kwana biyu. Habboba ta koma tabarmarta. Kwandunan burodi suka ci gaba da saukowa na ɗan lokaci, sai Fadl ya riƙa ɗaga kai yana cewa khalas, an gode.

Bayan Sallah da 'yan makonni wata a-kori-kura ta tsaya a bakin gareji. Mu'allim Zubairu ne, da maruƙa biyu maza a baya. Ya gaisa da Fadl, ya ce hannun da ya yi waccan karsanar yake nema. Ya ce shekara da shekaru yana yanka, bai taɓa buɗe dabba ya ga irin abin da ya gani ba, masu saye har rubibi suka yi. A turke masa waɗannan zuwa baɗi, a raba riba. Fadl ya dubi uwarsa. Habboba ba ta tashi ba, ta nuna jikarta da carbi.

“Ita za a tambaya.”

Mahasin ta zagaya motar ta dubi maruƙan. Ta tambayi mahaucin ko tabbas na yanka ne, ba wanda zai zo daga baya ya ce wani abu. Ya yi dariya ya ce maza ne, me za su haifa? Ta ce a sauke su, amma sai an zuba ƙasa da kaikayi a kan simintin.

Haka ta shiga sana'ar da aka san ta da ita yanzu a ƙarshen Faisal. A shekarar 2015 Amm Ya'ƙub ya sayar da feginsa ya koma wurin 'yarsa, aka kafa ginshiƙai a inda ciyawar take. Ƙungiyar ba ta ba mutum sau biyu, Mahasin ma ba ta nema ba. Habboba ce ke haɗa bahon, Mahasin ke kula da sauran, kuma ba sa gardama. Tana wanke matakala har yanzu, sai dai ba kullum ba. Igiyar zaren buhu tana rataye a ƙusa a bayan ƙofar gareji, ba a ɗaura wa kowa ita ba.

Wata safiya Murja ta sauko da ƙanzo, ta tsaya tana kallon maruƙan suna cin abinci, ta ce, “Wai su waɗannan ya sunansu?”

Mahasin tana goge bayan ɗaya da tsumma. Ba ta ɗago ba.

“Na Mu'allim ne,” in ji ta.